Yadda za ka raini fulawar kadinal a gida ko da kana cikin zafin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da wasu abokai sunka zo gidana nan Birnin Kebbi sunka ga jar fulawar nan da ke bayan randa, kusa da inda muke alwala, ake ta tambayata sunanta da yadda anka yi ta rayu a garin ga, toh yau dai na ce bari in zauna in rubuta komai tun daga iri har zuwa fure, don wallahi na sha wahala kafin in gane kanta kuma ba na son wani shi bi ta inda na bi.

Sunanta na kimiyya Lobelia cardinalis, ka riƙe sunan ga da kyau don zai yi maka amfani wajen sayen iri. Turawa na ce mata fulawar kadinal saboda jan furenta ya yi kama da jar rigar manyan limaman cocin Katolika da ake kira kadinal. Asalinta nahiyar Amurka ce, tun daga kudancin Kanada ta ratso Amurka da Meziko har arewacin Kolombiya, kuma tun wajen shekarun 1620 anka kai ta Turai. Can garinsu ba a tudu take fita ba, sai bakin rafi da gefen tafki da cikin fadama. Har jihohin Amurka masu zafi da ƙarancin ruwa irin su Arizona da Texas ana samunta, amma fa sai a bakin maɓuɓɓugar ruwa, inda dutse ko itace ya yi mata inuwa. Wanga bayani shi ya buɗe min ido. Zafi tana iya daurewa da shi, abin da ba ta yafewa shi ne saiwarta ta bushe ko da na yini ɗaya ne. Mu mutanen Kabi da munka tashi cikin shinkafa abin ba zai yi mana wuyar ganewa ba, ka ɗauke ta kamar dashen shinkafa, sai dai ita wagga ba ta son ranar tsaka a kanta. Ƙafa cikin laima, kai cikin inuwa.

Mu fara da iri, don nan ake fara yin asara. Masu rainon fulawa na bakin titi da wuya ka same ta wurinsu, yawanci ta intanet ake saye ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo, kuma in daga waje za a shigo da shi a nemi izinin hukumar NAQS mai kula da shigowar tsirrai, kada a karɓe maka a filin jirgi. Sannan akwai wata fulawa daban mai yaɗo da ita ma ake liƙa mata sunan kadinal, ita 'yar dangin dankali ce da duman rafi, Ipomoea ake rubutawa a jikin takardarta. Yadda za ka bambance su abu ne mai sauƙi, ka buɗe takardar ka duba. In ka ga iri baƙi mai ɗan tsawo kamar kashin ɓera toh mai yaɗon ce. Tamu irinta kamar ƙura yake, ruwan ƙasa, ya fi na alayyafo ƙanƙanta nesa ba kusa ba, in ka yi atishawa kusa da shi ka yi sallama da kuɗinka. Ita mai yaɗon ma fa kyakkyawa ce kuma tana son zafi, wanda ya san ba ya da lokacin ban ruwa kullum gara shi shuka ita shi hau da ita kan zana ko katanga, babu abin kunya a ciki. Cikin ainihin kadinal ɗin kuma akwai wadda ake kira Queen Victoria mai ganye ja-ja mai duhu, amma ni mai koren ganye nake ba sabon shiga shawara.

Lokacin farawa kuwa kada ka bi abin da anka rubuta a bayan takarda, don mutanen ƙasashen sanyi anka rubuta wa. Mu hunturu ne lokacinmu. Irin yana son zafin wajen digiri 20 kafin shi tsira, kuma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ne kawai ɗakunanmu ke kusantar haka. Don haka lissafin shi ne ka sami iri a hannu tun watan Oktoba.

Dalilin Oktoba shi ne firij. Can garinsu irin yana faɗuwa ƙasa shi kwana cikin sanyi da laima wata da watanni kafin shi tsira, toh mu sai mu yi mishi dabara. Ka sami 'yar roba mai murfi, ka zuba yashi mai laushi wanda ka tankaɗe kamar cokali uku, ka ɗiga ruwa shi jiƙe kawai ba shi yi tsamo-tsamo ba, ka zuba irin ka gauraya, ka rufe ka sa a firij wajen da ake ajiye tumatur, sati 4 zuwa 8. Ban da wajen ƙanƙara. Na san matsalar wuta, ni ma wurin wani maƙwabcina mai sola na kai ajiya, na rubuta a jikin robar cewa ba abin ci ba ne. In babu hali sam ka shuka hakanan, wasu za su tsira, sanyin dai yana ƙara yawan masu fitowa ne.

Ranar shuka ka nemi kasko ko roba mai faɗi da ka huda ƙasanta. Ƙasar raino ta zama mai laushi ƙwarai, ni ƙasar fadama nake haɗawa da tsohon taki da ya ruɓe ya koma baƙi, in tankaɗe da rariya. Sai in tafasa ruwa in kwarara a kai in bar shi shi huce har washegari, wanga yana kashe irin ciyawa da cutar da ke sa tsiro shi ruɓe daga gindi, kuma kada ka raina matakin ga don ƙasar fadama cike take da irin ciyawa, in sunka riga tsirowa ba za ka ma gane wanne ne naka ba. Daga nan ka ɗauko yashin nan mai iri ka barbaɗa a sama ko'ina, kamar yadda masu taba da alayyafo ke haɗa iri da yashi ko toka kafin su yafa. Ka ɗan danna da bayan cokali. Kada ka rufe da ƙasa, ko kaɗan. Irin ga sai ya ga haske yake tsira, in ka binne shi ya tafi ke nan, kuma na san hannun manomi ba ya iya ganin iri a fili bai tura mishi ƙasa ba, toh a nan ka danne zuciyarka.

Ka rufe bakin kaskon da farar leda wadda ake ganin ciki, ka ɗaure da kyauro ko zare, ka ajiye wurin da akwai haske amma rana ba ta dukan shi, kamar bakin taga ta arewa ko ƙarƙashin baranda. Ban ruwa daga ƙasa ake yi. Wanga darasi wurin wani dattijo mai lambun albasa na same shi, ɗan wajen Aliero, ranar da ya ganni da buta ina shirin kwarara ruwa a kan kaskon ya riƙe hannuna ya ce, yaro, abin da bai kai ƙwayar gero ba ba a zuba mishi ruwa a ka, sa kaskon cikin faranti ka bar shi shi sha da kanshi. Na ce toh Baba na gode. Haka nake yi har yau, in zuba ruwa a babban faranti in ɗora kaskon a ciki, ƙasar ta ja ruwan ta hujin nan har samanta shi yi duhu.

Sati biyu zuwa uku za ka fara ganin wani kore-kore kamar gansakuka, sai ka duƙa sosai za ka ga ganye biyu-biyu kamar kan allura. Kullum da safe ka ɗaga ledar na ɗan lokaci iska ta shiga, ka kakkaɓe raɓar da ta taru. Bayan sun fito da kamar sati ɗaya sai ka fara huda ledar, yau huji biyu gobe huɗu, har ka cire gaba ɗaya cikin kwana goma. In ka yaye lokaci guda iskar hunturu za ta busar da su cikin awa ɗaya. Girmansu a hankali yake ƙwarai a watan farko, har za ka yi zaton sun tsaya, ba su tsaya ba.

In sun yi ganye huɗu zuwa shida, wajen wata biyu ke nan, sai dashe. Da yamma ake yi. Ka jiƙa kaskon, ka sa ƙaramin cokali ka ɗebo da ƙasarsu, in sun cunkushe kada ka ce sai ka raba ɗaya-ɗaya, ɗauki uku ko huɗu tare ka dasa, daga baya ka cire raunana. Haɗin ƙasar tukunya: kwano biyu na ƙasar fadama, kwano ɗaya na tsohon kashin shanu, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa da ya ruɓe. Ɓuntu kam Allah Ya hore mana shi, duk inda ake cashe ko injin gyaran shinkafa tsibi ne, amma ka nemi na ƙasan tsibin wanda damina ta wuce a kanshi ya yi baƙi, sabo yana jawo gara. Ɗanyen taki kuma ƙona saiwa yake yi. Rairayin jigawa shi kaɗai ba zai yi ba, ruwa wucewa yake yi kamar an zuba a kwando. Wajen dasawa kada ka nutsa tsakiyar tsiron inda sabon ganye ke fitowa, shi tsaya daidai da fuskar ƙasa.

Yanzu ga inda aikin yake, bazara. Maris, Afrilu, Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, siminti na ƙona tafin ƙafa. Shekarata ta farko a baƙar ledar raino na dasa su, na jera kan simintin tsakar gida, sun yi kyau har ina ɗaukar hoto. Cikin Afrilu biki ya kai ni Jega na kwana biyu, na bar wa yara sallahun ban ruwa, su kuma sunka ba su sau ɗaya da safe kamar yadda ake ba sauran shuke-shuke. Da na dawo na tarar ganyen ya kwanta a kan leda kamar an zuba mishi tafasasshen ruwa, na sa yatsa cikin ƙasar na ji ta da ɗumi kamar tokar murhu, na zazzage ɗaya na ga saiwar da ke fara tas ta koma ruwan ƙasa. Ko ɗaya bai tashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan, wata biyar ina raino. Amma laifin ba na yaran ba ne, baƙar leda da siminti su sunka dafa saiwar.

Abin da ya cece ni shekara ta biyu shi ne tukunya cikin tukunya. Dabarar nan ce da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana tumatur da kayan miya ba tare da wuta ba, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ka sami tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ƙaramar ita ke da huji kuma ita ke ɗauke da fulawar. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki, ka cika tsakaninsu da yashi har baki, ka jiƙa yashin sharkaf safe da yamma. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunyar iska na kwashe shi, cikin yana yin sanyi, daidai yadda ruwan randa ke sanyi, kuma da yake iskar bazararmu busasshiya ce abin yana aiki sosai. Ga shi kuma ƙaramar tana jan laima daga yashin, ko ka makara da ban ruwa ba za ta bushe nan take ba. Tukunyar ta zama ta ƙasa zalla wadda ba a yi wa fenti ba, fenti yana toshe ta. Kuma a kan ƙasa za ka ajiye, ba kan siminti ba.

Wurin ajiyewa ka zaɓi inda ranar safe ke taɓawa zuwa kamar ƙarfe tara ko goma, daga nan inuwa har magariba. Gabashin ɗaki, ko ƙarƙashin mangwaro ko dogonyaro. In babu itace ka kafa 'yar rumfa da zana ko asabari, ban da kwano don shi wuta yake saukarwa. Ka kare ta daga iskar zafin nan ta rana da ɗan shinge. Ni tawa tana kusa da wurin alwala, ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa, kuma duk wanda ya gama alwala yana juye sauran ruwan butar cikin yashin, ban ruwa sau biyar ke nan a rana ba tare da na roƙi kowa ba. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo kam kada shi kusance ta. In ruwan burtsatsenku mai gishiri-gishiri ne za ka ga fari-fari yana taruwa a bakin tukunya, sai ka riƙa kankarewa, lokaci-lokaci ka kwarara ruwa mai yawa shi wanke ƙasar shi fita ta hujin.

Wata magana da ba zan tsallake ba ita ce sauro. Wasu za su ce ai sai a zaunar da tukunyar cikin baho mai ruwa a huta. Tana son hakan kam, amma ruwan da ya kwana sati ɗaya zuwa kwana goma a zafin ga ya isa ƙwan sauro shi zama mai tashi, kuma babu fulawar da ta kai a jawo wa yara zazzaɓi saboda ita. In dole sai baho, ka cika shi da yashi yadda ruwa ba zai fito sarari ba, ko ka zubar ka canza duk kwana uku. Da ka ga masu wutsil-wutsil ɗin nan a ciki ka kifar.

Cikin bazara kada ka sa taki, kada ka dame ta da son girma, in ganyen gefe ya ƙone ka cire, muddin tsakiyar kore ce tana da rai. In ta yi laushi da rana ga kuma ƙasa a jiƙe, zafi ne kawai, da magariba za ta miƙe.

Wanda ke da gida kusa da fadama ko yana da lambu a bakin gulbi, ko mutanen Yawuri da Zuru da ruwansu ya fi namu yawa, suna iya dasawa a ƙasa kai tsaye. A yi ɗan kwari kamar fangalin shinkafa yadda ruwa zai riƙa taruwa, a haƙa kamar taku ɗaya a cika da haɗin ƙasar nan, a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu. 'Yan Argungu da Kangiwa da sauran arewa ni dai tukunya nake ba ku shawara.

Da ruwa ya sauka a Yuni za ka ga ta canza kamar ba ita ba. Nan ne za ka ba ta abinci, tafin hannu ɗaya na tsohon taki a zagaye gefen tukunya duk wata, ba a kan tsakiyarta ba. Mai son takin zamani shi ɗebi 'yan ƙwayoyi kaɗan na NPK shi narkar a bokiti, kaɗan fa, in ya yi yawa ganye za ta yi ta zubawa karan shi yi lagwai. Sai ka ga kara ya taso daga tsakiya, yana iya kai santimita 60 har zuwa 120. Ka kafa mishi sanda ka ɗaure da tsumma sako-sako, don iskar da ke zuwa gaban hadari tana karya shi. Dodon koɗi na son ganyenta da damina, da dare ake kama shi da tocila. Fara ma tana ci. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye kuma ruwan ganyen dogonyaro da anka jiƙa ya kwana yana rage su, da yamma ake fesawa. Kaji kuwa tono suke yi saboda laima, a kewaye da waya ko ƙaya.

Wata tana fure a daminar farko, da yawa kuma sai ta biyu, shekarar farko ganye kawai za su shimfiɗa a ƙasa kamar latas, kada ka tuge ka ce ta ƙi. Ranar da tawa ta fara buɗewa bayan sallar asuba na gani, na ƙasa ne ya fara, ja wur kamar garwashi, leɓe uku sun sauko ƙasa biyu sun yi sama, ga wani ɗan bututu ya leƙo ta tsakiya. Haka take bi tana hawa, na ƙasa na yanƙwanewa na sama na buɗewa, sati da sati. Can Amurka wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai tsayawa cak a iska shi ke shan ruwan furen shina kai mata barbara, mu Afirka ba mu da shi. Don haka in kana son iri mai yawa ka ɗauki gashin kaza ko ɗan auduga a tsinke, ka shafa bakin bututun furen sama da ya buɗe sabo, ka kai kan na ƙasa da ya kwana biyu, ko na wata tukunyar.

Inna da ta gani cewa ta yi, kai wanga ganye ana miya da shi? Na ce a'a Inna, ko kusa. A ji wagga da kyau, duk jikinta akwai guba, ganye da fure da saiwa, cinta yana sa amai da zawo da abin da ya fi haka. Kada a ce za a gwada ta a magani, a nisanta ta da yara masu rarrafe da awaki, kuma a wanke hannu in an taɓa ruwan jikinta.

In fure ya ƙare za ka ga 'yan ƙwallaye a jikin karan, ka bar su su yi ruwan ƙasa su fara buɗe baki, sai ka yanke karan ka kifa shi cikin ambulan ka girgiza, ka ajiye a inuwa zuwa Oktoba. Shi karan da ya yi fure mutuwa yake yi, ita kanta fulawar ba mai tsawon rai ba ce, shekara biyu uku ta gaji. Amma duba gindinta, za ka ga 'ya'ya sun fito a zagaye, su ne na baɗi. Kada ka tula musu ƙasa ko ɓuntu a kai, ruɓewa suke yi. Ka jira sanyin Nuwamba ko Disamba, ka zazzage tukunyar, ka raba su da hannu kowanne da saiwarshi, ka ba kowa sabuwar ƙasa. Akwai kuma wata hanya da ta fi iri sauƙi: cikin damina ka lanƙwaso kara ɗaya a hankali ka kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka danne da ɗan dutse, gaɓoɓin za su yi saiwa su fitar da sabbin tsiro, in sun kama ka yanke ka raba. Wanda ke kusa da ni kuma yake son farawa da 'ya'yan nan maimakon iri, shi tanadi tukwanenshi biyu da yashi kafin Disamba.